RUWAN ƘARƘASHIN ƘASA RUMBUN GARI NE

Wannan takarda darasi ce a kan ruwan da ke ƙarƙashin ƙasarmu, da yadda mutanen gari za su tsare shi da kansu. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. A karanta ta a dandali, a kuma karanta wa mata a cikin gida, domin su ne suka fi kowa sanin halin rijiya.

DAGA INA RUWAN RIJIYA YAKE ZUWA?

Waɗansu suna tsammani akwai kogi a ƙarƙashin ƙasa wanda ba ya ƙarewa. Ba haka ba ne. Ku cika ƙwarya da yashi, ku zuba ruwa a ciki. Ruwan zai ɓace wa ido, amma in kun tona da yatsa za ku same shi. Haka ruwa yake kwance tsakanin yashi da tsakuwa a ƙarƙashin fadamunmu, kamar fadamar Magiya, da Tarka, da Gulbin Maraɗi, da Gulbin Kaba, da Korama.

Ruwan sama ne yake cika shi. A ƙasar Ƙonni da Madawa ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 zuwa 600 ba, kuma cikin wata uku ko huɗu yake sauka. Mafi yawansa rana ta shanye, ko shuka ta sha, ko ya gudu cikin kwazazzabo. Kaɗan ne yake nutsewa har ya kai wurin da rijiya take samunsa. Ta gindin tabkuna da ta cikin yashin ƙorama ya fi nutsewa.

Akwai kuma ruwa mai zurfi ƙwarai, wanda sai da injin haƙa ake kai masa. Masana suna kiran wannan babban kwarin ruwa Iyullemeden. Faɗinsa wajen murabba'in kilomita 500,000 ne, ya ratsa Nijar da Mali da Nijeriya ta wajen Sakkwato. Ruwan da ke can ƙasa ya yi dubban shekaru a kwance. In an ɗebe shi, ba damina ɗaya ko goma za su mayar da shi ba.

Saboda haka ku ɗauki ruwan ƙasa kamar rumbu. Damina ce take zuba masa, rani kuma a ɗiba. In abin da ake ɗiba ya fi abin da ake zubawa, lalle wata rana za a ga gindin rumbu.

RUMBU ƊAYA NE, BAKUNA DA YAWA

Gona tana da iyaka, kowa ya san inda tasa ta tsaya. Ruwan da ke ƙasa bai san iyakar gona ba. Rijiyarka taka ce, kai ka biya masu haƙa. Amma ruwan da ke cikinta daga ƙarƙashin gonar maƙwabcinka yake tsatsowa, nasa kuma daga ƙarƙashin taka.

Ga gwajin da za ku yi ku gani da idonku. Ku nemi rijiya biyu da ke kusa da juna a fadama. Da sassafe ku auna ruwan ɗaya. Sa'an nan ku ta da injin ban ruwa a kan ɗayar, ya yi ta ja har azahar. Ku koma ku sake auna ta farko. In sun yi kusa sosai, za ku tarar ruwanta ya sauka, alhali ba wanda ya zura guga a ciki. Dalili shi ne, inji yana yin rami a cikin ruwan ƙasa, kamar yadda in an ɗebi gero a tsakiyar tsibi na gefe yake gangarowa.

A zamanin kakanninmu da guga da jigo ake ban ruwa. Ƙarfin mutum shi ne iyakar abin da zai ɗiba. Yanzu ƙaramin inji yana fid da lita 10,000 ko fiye a cikin awa guda. Ga kuma famfo mai aiki da hasken rana, wanda ba ya neman mai, sai a bar shi yana ja tun hantsi har la'asar. Waɗannan abubuwa alheri ne, sun kawo albasa da tumatir da kuɗin rani. Amma sun ɗauke iyakar da ƙarfin hannu ya sa. Tilas yanzu mutane su sa wa kansu iyaka.

LISSAFIN DA YA KAMATA KOWA YA RIƘE

Ganga guda tana cin lita 200. Mutum ɗaya yana bukatar wajen lita 20 a rana, don sha da girki da wanka. Gari mai mutum 1,000 zai sha ganga 100 a rana, watau ganga 36,500 a shekara.

Hekta guda na albasa tana shan wajen lita miliyan 5 daga dashe zuwa cira, watau ganga 25,000. In ƙasar yashi ce, ko ana ɓarnar ruwa, ta fi haka. To, ku duba: hekta ɗaya da rabi na albasa tana shan abin da mutum 1,000 za su sha shekara guda cur.

Ba a ce a bar noman albasa ba. Abin da ake nufi shi ne, in ruwa ya fara ƙasa, a wajen lambu za a nemi ragi. Hana mata cika tulu ba zai tsare kome ba.

Ga wani abu kuma. Injin da ake ajiyewa a bakin rijiya ba ya iya tsotso ruwa in zurfinsa ya wuce mita 7 ko 8, watau wajen gaba huɗu. In ruwa ya sauka ya wuce nan, sai mai lambu ya haƙa rami ya saukar da inji, ko ya sayi famfon da ake nutsarwa cikin ruwa. Mai kuɗi zai iya. Talaka ba zai iya ba, sai ya bar lambunsa. Rijiyar sha ta cikin gari, wadda ba ta da zurfi, ita ce take fara ƙafewa. Watau wanda ya fi kowa ƙarancin ɗiba shi ne yake fara shan wuya. Daga nan rigima take tashi.

AIKI NA FARKO: A KAFA KWAMITIN RUWA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maigari ya tara jama'a, a zaɓi mutum bakwai ko tara a gaban kowa. A tabbata waɗannan suna ciki:

1. Wakilin maigari, da sarkin noma ko sarkin rafi in garin yana da shi.
2. Mata biyu ko uku, daga unguwanni dabam dabam.
3. Wakilin makiyaya, Fulani ko Buzaye, waɗanda suke shayar da dabbobi a rijiyoyin garin.
4. Mai babban lambu ɗaya da mai ƙaramin lambu ɗaya.
5. Saurayi ko budurwa da ya iya rubutu da lissafi, shi zai riƙe littafi.

Kada mai riƙe littafi ya zama shi ne mai riƙe kuɗi. Kada shugaba da ma'aji su fito daga gida ɗaya. A sake zaɓe bayan shekara biyu. Wanda ya yi aiki da gaskiya a mayar da shi, wanda bai yi ba a sa wani, ba tare da cin fuska ba.

AIKI NA BIYU: A AUNA RUWA

Mai gida ba ya raba hatsi sai ya leƙa rumbu. Ruwan ƙasa ba a leƙa shi, sai dai a auna. Ba a bukatar kayan Turai.

Ku sami igiya wadda ba ta miƙewa. Ku yi ƙulli a kowace mita, ku ɗaura ɗan jan tsumma a kowane rabin mita. Da mita za ku auna, don gaban wani ya fi na wani tsawo. A bakin igiyar ku ɗaura ƙaramin gwangwani mai tsabta a kife, da ɗan ƙarfe don nauyi. In ya taɓa ruwa za ku ji ƙararsa.

Ku zaɓi rijiya uku: ɗaya a saman fadama, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙasa. Ku ƙara da rijiyar sha ta gari. Ku yi wa kowace alama a baki, daga nan za a riƙa aunawa kullum. A auna da asuba, kafin kowa ya zura guga ko ya ta da inji. A auna sau ɗaya a wata, a rana ɗaya da ba za a manta ba, misali ran kasuwa ta farko. A rubuta kwanan wata, da sunan rijiya, da zurfi.

Awo biyu sun fi sauran nauyi. Na farko shi ne na watan Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa: shi yake nuna abin da damina ta zuba. Na biyu shi ne na watan Mayu, a tsakiyar bazara: shi yake nuna abin da ya saura. Kada ku gwada Oktoba da Mayu ku firgita, don kowace shekara ruwa yana sauka da rani, ya hau da damina. Ku gwada Oktoban bana da Oktoban bara, Mayun bana da Mayun bara. In shekara uku a jere ruwa yana ƙara nisa, to, ana ci fiye da abin da ake samu.

A rubuta littafi kuma a kan yawan rijiyoyi da injuna da faɗin lambuna. Ba don haraji ba ne, a gaya wa mutane haka tun farko. Don a san bakin da ke ci daga rumbun ne.

Kada ku dogara ga labarin wani gari. A ƙasar gabas da Yamai an auna, an tarar ruwan ƙasa ya hau wajen mita 4 tsakanin 1963 da 2007, saboda an sare daji, ruwa ya riƙa gudu yana taruwa a tabkuna yana nutsewa. Rijiya ta ƙaru, amma gonaki sun zaizaye. A waɗansu wurare kuwa ruwa sauka yake yi. Kowane gari da halin ƙasarsa. Igiyarku ce za ta gaya muku naku.

AIKI NA UKU: A YI TARON KAKA

Kafin a zuba irin albasa, kwamiti ya kira taro. Mai littafi ya karanta awon bana da na bara da babbar murya. Ma'aji ya faɗi kuɗin da ya shigo da wanda ya fita. Sa'an nan jama'a su yanke shawara.

In ruwa ya kai na bara ko ya fi, kowa ya noma abin da ya saba. In ya gaza kaɗan, kada a buɗe sabon lambu a wannan shekara. In ya gaza da yawa, a rage. Amma a rage bisa adalci: mai hekta biyu ya fi mai fangali goma ragi. Gara mutum ya dasa rabin lambu ya cire albasa mai kyau, da ya dasa duka ruwa ya yanke masa ana saura wata guda.

Dalilin yin taron da kaka shi ne, lokacin nan ba wanda ya kashe kuɗinsa tukuna. In an bari sai watan Maris, kowa ya riga ya zuba iri da taki da mai, ba wanda zai ji magana.

AIKI NA HUƊU: A SA DOKOKI KAƊAN, A RIƘE SU

Doka biyar da ake bi ta fi doka hamsin da ke cikin akwati. Ga waɗanda suka fi amfani:

1. Ruwan sha shi ne gaba, sai na dabbobi, sai na lambu. Al'ada da addini duka sun hana a hana mai ƙishirwa ruwa, baƙo ne ko ɗan gari.
2. Wanda zai haƙa sabuwar rijiya ko ya sa sabon famfo ya sanar da kwamiti tukuna. Kwamiti ya je ya duba nisanta da na maƙwabta da rijiyar sha. Nisan da ya dace ya danganta ga irin ƙasa, don haka a yi gwajin nan na rijiya biyu, a kuma tambayi ma'aikatan ruwa.
3. A sa lokacin ban ruwa, safe da yamma. In ruwa ya yi ƙasa a yi kamu-kamu, yau gabas, gobe yamma.
4. Kuɗin asusu ya bi yawan ɗiba. Mai inji biyu ya fi mai inji ɗaya biya, mai guga kuwa a sauƙaƙa masa. Da kuɗin za a yi yasa, da gyaran bakin rijiya, da aikin dutse.
5. Wanda ya karya doka a fara yi masa gargaɗi. In ya sake, tara kaɗan. In ya sake, tara mai nauyi. Doka ta hau kan kowa, har ɗan maigari. Ranar da aka ɗaga wa babba ƙafa, ranar doka ta mutu.

A rubuta dokokin, a karanta wa jama'a, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. A kai kwafi ɗaya wurin sarki, ɗaya ofishin kwamin.

A ƙasar Indiya akwai wani ƙauye mai suna Hiware Bazar, a jahar Maharashtara, wanda fari ya kore mutanensa. Tun wajen 1990 suka haɗa kai. Suka hana haƙa rijiyar burtsatse don ban ruwa, suka bar noman rake da ayaba masu shan ruwa da yawa, suka tare ruwan sama a kan tuddai. Kowace shekara suna lissafin ruwan da suka samu kafin su zaɓi abin da za su shuka. Rijiyoyinsu suka dawo, waɗanda suka yi ƙaura da yawa suka komo gida.

AIKI NA BIYAR: A ƘARA WA RUMBU

Rage ɗiba rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne a sa ruwan sama ya tsaya ya nutse. Ku yi tassa da rabin wata a kan fako. Ku jera duwatsu a gicciye a kan gangare. Ku toshe ƙananan kwazazzabai tun daga sama. Ku bar tohon itatuwa a gona lokacin sassabe. Inda aka sami taimako, a gina madatsar da ke baza ruwan ƙorama a cikin fadama, irin waɗanda aka gina a wurare da dama a jahar Tawa.

Mun ga amfanin wannan a ƙasarmu. Bayan farin 1984 aka yi babban aikin gyaran ƙasa a Kaita, mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun. A ƙauyen Batodi na ƙasar Illela, manoma suka farfaɗo da fako da tassa da rabin wata. A 1994 ruwan rijiyarsu yana nisan wajen mita 18. A 2004 ya dawo wajen mita 4, har mata suka buɗe lambuna.

A cikin lambu ma akwai tsimi. Ruwan da ke bin doguwar hanyar yashi rabinsa a hanya yake ƙarewa, bututun roba ya fi. Ku daidaita fangali kada ruwa ya kwanta gefe ɗaya. Ku zuba takin gida, yana riƙe laima. Ku yanke wa albasa ruwa wajen mako biyu kafin cira, ta fi daɗewa a ajiye.

A TSARE TSABTAR RUWA

Ruwan da ya ɓaci kamar wanda ya ƙare ne. Shadda da turken dabbobi da juji su yi nisan mita 30 ko fiye daga rijiyar sha, su kuma kasance ta gangare. A ɗaga bakin rijiya, a yi mata daɓen siminti, a yi wa dabbobi kwami a gefe.

Ku masu feshin auduga da na lambu, ku ji wannan da kyau. Kada ku haɗa magani a bakin rijiya. Kada ku wanke injin feshi a can. Kada a zuba ruwa ko mai a cikin kwalbar magani, a huda ta don kada yaro ya ɗauka. Abin da ya zube a ƙasa, ruwa zai bi da shi zuwa cikin rijiya.

In an haƙa muku sabuwar rijiyar burtsatse, ku nemi a gwada ruwan a ba ku sakamako a rubuce kafin a fara sha. A Tibirin Maraɗi an buɗe wata mai zurfi a 1985. Ruwan garau yake, amma yana ɗauke da wani gishirin ƙasa da ake kira fulor, fiye da kima. Yara suka yi shekaru suna sha, haƙoransu suka rine, ɗaruruwa ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Ido ba ya ganin irin wannan, harshe ma ba ya ji.

ME DOKAR ƘASA TA CE?

Kwamitinku ba a bayan doka yake ba. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa, waɗanda daga baya suka kai har ƙauyuka, su ne masu rubuta shaidar fili da hanyoyin dabbobi da wuraren ruwa. Dokar ruwa ta 2010 ta ce ruwa dukiyar al'umma ce baki ɗaya, kowane ɗan ƙasa yana da hakkin samun ruwan bukatarsa. Ta ce mai ɗiba da yawa ya biya, mai ɓata ruwa ma ya biya. Ta yarda masu amfani da ruwa su kafa ƙungiya, ta kuma ce babban aikin haƙa sai an sanar da hukuma ko an nemi izini. Dokar makiyaya, ita ma ta 2010, ta tsare musu hakkin kai dabbobi rijiyar jama'a.

Saboda haka ku rubuta kwamitinku a ofishin kwamin. In rigima ta fi ƙarfinku, a kai wa maigari, in ba ta mutu ba a kai wa sarki. In an sasanta a rubuta takarda, kowane ɓangare ya riƙe tasa.

Kada ku manta da garuruwan da ke sama da ku da na ƙasa da ku a fadama ɗaya. Ruwanku ɗaya ne da su. Ko kun tsare naku, in na sama suna ɓarna, za ta iso ku. Sau ɗaya a shekara kwamitocin fadama su haɗu, kowa ya zo da littafinsa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

TAMBAYOYI DON A TATTAUNA A DANDALI

1. Rijiya nawa da inji nawa ke garinmu yanzu? Nawa ne shekara goma da suka wuce?
2. Wace rijiya ce take fara ƙafewa, kuma su wa suke sha daga gare ta?
3. A wane wata za mu yi taron shawara, kuma don me?
4. Wane kwazazzabo za mu fara toshewa kafin damina?
5. Wa zai riƙe igiya, wa zai riƙe littafi?

Kada ku jira sai rijiya ta ƙafe. Ku ƙulla igiyar awo cikin wannan mako, ku yi awon farko ran kasuwa mai zuwa. Wanda yake son a nuna masa yadda ake awo da rubutun littafi ya nemi malamin gona na yankinsa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya bar mu da zumunci. Amin.